Gadon Asibiti Ga Mai Ƙin Abinci A Zamanin Korona

Da aka kulle Ingila a watan Maris na 2020, asibitoci suka karkata ga masu korona, aka koma ganin likita ta bidiyo. Wannan tsari bai dace da masu anoreksiya ba, wato tsananin tsoron ƙiba da ke sa mutum ya ƙaurace wa abinci har ya rame ƙangayau. Kamara ba ta auna nauyi. Yarinya na iya zura rigar sanyi mai kauri ta ɓoye ramarta, alhali bugun zuciyarta ya sauka ƙasa da 40 a minti.

Wani zai ce gado na mai numfashi da ƙyar ne, ita kuwa a ciyar da ita a gida. To, a nan haɗarin yake. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka ɗura masa abinci lokaci guda, sinadarin fosfet na jini yakan faɗi, zuciya ta rikice. Dole a riƙa gwada jini kullum a kwanakin farko, ana ƙara abincin kaɗan-kaɗan, wani lokaci ta bututun hanci. Duk ƙaunar uwa, ba ta da waɗannan kayan a madafarta.