Kiwon Anakonda a Tsare: Gadon Zane da Matsalolin Haihuwa

Anakonda macijiya ce da ke zaune a fadamu da kogunan Kudancin Amurka, musamman yankunan kogin Amazon da na Orinoko. Ba ta da dafi. Nannaɗe abin da ta kama take yi, kamar yadda mesa ke yi, har ya mutu, sannan ta haɗiye. Iri biyu aka fi kiwatawa: koriyar anakonda, wadda masana ke kira Eunectes murinus, da rawayar anakonda, wato Eunectes notaeus. Koriyar ita ce mafi nauyi a duk macizan duniya. Tamatar na iya wuce mita 5 a tsawo, namijin kuwa bai cika wuce mita 3 ba.

Yadda Take Hayayyafa

Yawancin abin da aka sani game da rayuwarta a daji ya samo asali ne daga binciken da Jesús Rivas ya fara a filayen ambaliya na ƙasar Benezuwela a 1992. Ya lura cewa a lokacin barbara maza da yawa, wani lokaci har 13, sukan nannaɗe mace guda su yi dunƙule, su ɗauki makonni a haka. Ciki yakan yi wata 6 zuwa 7, kuma a tsawon wannan lokaci uwar ba ta cin abinci.

Mesa ƙwai take sakawa ta kwanta a kai. Anakonda kuwa, kamar kasa, ’ya’ya take haifa da ransu, galibi 20 zuwa 40, kowanne tsawonsa kusan santimita 70. Da zarar sun fito daga tantanin da ke lulluɓe da su, sai su shiga ruwa su kama gabansu. Uwar takan rame ƙwarai, shi ya sa ba ta haihuwa kowace shekara.

Gadon Launi da Zane

Masu kiwo na ɗokin samun macizai masu launin da ba a saba gani ba, domin kuɗinsu ya fi yawa. A nan ne dokokin gado da Gregor Mendel ya wallafa a 1866 ke aiki. Kowane ɗa yakan karɓi ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko guda ɗaya ta isa ta bayyana. Wata kuma mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai ɗa ya gaje ta daga ɓangarorin biyu. Zabiyanci a macijin bowa, ɗan uwan anakonda, misali ne na mai ɓuya. Idan aka haɗa iyaye biyu masu launi na al’ada, kowannensu ɗauke da ƙwayar a ɓoye, ana sa ran ɗaya cikin kowane ’ya’ya 4 ya fito zabiya.

Sai dai hanya mafi sauri ta fito da ƙwaya mai ɓuya ita ce haɗa ’yan uwa na jini, kuma wannan haɗi yana fito da cututtukan da ke ɓoye tare da launin da ake nema. Wani lokaci ma zanen kansa ke tafe da lahani. Akwai ƙaramar mesa mai dunƙulewa da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin. Wani zanenta da ake kira “gizo-gizo” yana zuwa tare da karkarwar kai da rashin daidaito. Haka nan ba kowane baƙon zane ne na gado ba. Sanyi a lokacin ciki na iya ɓata zanen ’ya’ya, ya kuma karkatar da ƙashin bayansu.

Tangarɗar Haihuwa

Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, don haka mai ciki tana buƙatar wuri mai zafin kusan digiri 30 da kuma ruwan da za ta shiga. A keji, yawan ciyarwa da rashin motsi sukan jawo ƙiba da raunin tsoka. Idan aka ƙara da sanyi ko ƙarancin ruwa, naƙuda na iya tsayawa. Wani lokaci ɗa matacce, ko ƙwan da bai ƙyanƙyasu ba ya taurare, shi ke toshe hanya. Abin da ya maƙale yakan ruɓe, ya sa wa uwar guba a jini.

Likitan dabbobi yakan ɗauki hoton ciki ya ƙidaya abin da ya rage. Allurar oksitosin, wadda ke taimakon shanu da awaki, ba ta cika aiki sosai a macizai ba, don haka sau da yawa tiyata ce mafita. Matsa cikin da hannu na iya yaga mahaifar.

Haihuwa Ba Tare da Namiji Ba

A 2014, wata koriyar anakonda a gandun namun daji na West Midland da ke Ingila ta haihu ba tare da namiji ba. A 2019 haka ta sake faruwa a gidan kifaye na New England da ke birnin Boston a Amurka, inda gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa babu uba. Akasarin ’ya’yan sun zo a mace, biyu ne kawai suka rayu. Dalili kuwa shi ne, gadonsu duka daga uwa ya fito, don haka babu ƙwaya daga wani ɓangare da za ta rufe lahanin da ke ɓoye.

Kammalawa

Macijiyar da ta haifi ’ya’ya 30 ta bar wa mai ita tambaya mai nauyi: ina za a kai su? Kowannensu zai buƙaci babban ɗaki da tafki na shekaru masu yawa. Tsoron kada a sake su a daji ya sa Amurka ta hana shigo da rawayar anakonda a 2012, da koriyar a 2015. Malamin da ke koyar da darasin gado zai iya ɗaukar lissafin zabiyar bowa ya ba ɗalibai su zana a allo, sannan su tattauna abin da haɗa ’yan uwa ke jawo wa garken awaki ko kajin gida.