Garba, Habu, Bukar: Takwarorin da Ƙarni Goma Sha Huɗu Ya Raba

A shekarar 1933, ofishin fassara na Zariya, wanda Rupert East ke shugabanta, ya kira gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa, biyu masu suna Abubakar ne suka rubuta su. Ɗaya, Abubakar Imam, malamin makaranta ne a Katsina, ɗan Kagara, shi ya kawo Ruwan Bagaja. Ɗayan kuma, Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta ne a Bauci, ya kawo Shaihu Umar. Dukansu sun sha ruwan Kwalejin Katsina, kuma shekara ɗaya tak ce tsakanin haihuwarsu, 1911 da 1912. Abubakar Imam ya riƙe alƙalami har ƙarshen rayuwarsa a 1981: ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Janairun 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa siyasa ta ja shi, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, sojoji suka kashe shi a Janairun 1966.

Ba abin mamaki ba ne a sami Abubakar biyu cikin mutum biyar a ƙasar nan. Ka tsaya a bakin kowace kasuwa ka ɗaga murya ka ce "Garba!" ka ga yawan masu waigowa. Saboda kunyar da ke hana uwa ko suruka kama sunan miji ko na kaka, sunan ya haifi 'ya'ya da yawa: Garba, Habu, Abu, Buba, Sadiƙ. Barebari su ce Bukar, Yarabawa su ce Bakare, a Nijar da Mali a ji Bubakar. Muna cewa suna linzami ne, amma mafi yawanmu Abubakar ɗaya muka sani a tarihi, in ya yi yawa mu ƙara biyu ko uku na gida. Wannan hasara ce, domin a ƙarƙashin wannan suna akwai halifa, akwai likita, akwai bawa, akwai sarki, kuma da yawansu rubutu ne ya sa ba a manta da su ba.

Tushen duk shi ne Sayyidina Abubakar Siddiƙ, Allah Ya ƙara masa yarda. Sunansa na yanka Abdullahi ɗan Abu Ƙuhafa, Abubakar alkunya ce wadda ta rinjayi sunan. Ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi a Makka, abokin tafiyar Manzon Allah (SAW) a hijira, wanda suka fake tare a kogon Sauru. Halifancinsa gajere ne, daga 632 zuwa 634, shekara biyu da 'yan watanni. Abu biyu daga rayuwarsa nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu sake haɗuwa da su a gaba. Na farko, da dukiyarsa ya riƙa sayen bayin da ake azabtarwa saboda imaninsu yana 'yanta su, cikinsu har da Bilal. Na biyu, bayan yaƙin Yamama ya ci mahaddata masu yawa, shi ne ya amince da shawarar Sayyidina Umar, ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin tattara Alƙur'ani a rubuce wuri guda.

Kimanin shekara ɗari biyu da talatin bayan rasuwarsa aka haifi wani Abubakar a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau. Shi ne Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya ar-Razi, wanda ya rasu a 925. Ya shugabanci asibiti a Rayyu, ya shugabanci wata a Bagadaza. Abin da ya fifita shi a kan likitocin zamaninsa shi ne ba ya barin majinyaci ya wuce ba tare da ya rubuta abin da ya gani ba: yadda ciwon ya fara, abin da aka ba shi, yadda ta ƙare. Bayan mutuwarsa almajiransa suka tattara waɗannan takardu suka zama littafin al-Hawi, wanda aka mayar da shi Latin a 1279, likitocin Turai suka daɗe suna karantawa.

Akwai wani ɗan littafi nasa da ya kamata duk Bahaushe ya ji daɗin sanin labarinsa, domin ya shafi cututtuka biyu da kakanninmu suka sha wuya a hannunsu, wato agana da ƙyanda. Kafin Razi, likitoci na cakuɗa su. Shi ya zauna ya rarrabe alamunsu, ya lura cewa ciwon baya ya fi tsananta ga mai agana, tashin zuciya da rashin natsuwa kuwa sun fi yawa ga mai ƙyanda. Wanda ya taɓa ganin tsoho mai zanen agana a fuska ya san girman abin. Sai a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa, ƙyanda kuwa har gobe tana ɗaukar mana yara. A cikin al-Hawi akwai inda ya faɗi cewa ya fitar wa wasu majinyata jini, ya bar wasu masu irin ciwon da gangan bai taɓa su ba, don ya gwada ya ga bambanci. Fitar da jinin ba magani ba ne a ilimin yau, amma dabarar kwatanta rukuni biyu ita ce ginshiƙin gwajin magunguna har yanzu. Ya kuma rubuta littafi guda a kan shakkun da yake da su game da maganganun Jalinus, babban likitan Girka da ba a saba yi wa gardama ba. Gaskiya ne malaman addini sun yi masa raddi mai zafi a kan wasu ra'ayoyinsa na falsafa, kuma wannan raddi na nan a littattafai. Amma aikinsa na asibiti babu mai musu a kansa.

A yammacin duniyar Musulmi ma sunan ya yi aiki. Abubakar ɗan Umar, jagoran Murabiɗai, shi ake danganta wa kafa birnin Marrakesh wajen 1070. A wannan birni ne wani Abubakar ɗin, Ibnu Ɗufail, likitan sarkin Muwahhidai, ya rasu a 1185, bayan ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan, labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri har ya kai ga sanin Mahalicci da tunaninsa. An buga shi da Latin a Ingila a 1671. Akwai kuma wanda ake yawan yaɗa labarinsa a 'yan shekarun nan, wai Mansa Abubakar na biyu, sarkin Mali da ya shiga tekun Atlantika da jiragen ruwa dubu biyu bai dawo ba. Labarin tafiyar na nan a littafin al-Umari, daga bakin Mansa Musa lokacin da ya ratsa Alƙahira a 1324, amma al-Umari bai ambaci sunan sarkin ba, kuma masana tarihi da yawa na ganin kuskuren karanta jerin sarakunan Mali ne ya liƙa masa sunan Abubakar. Sunan na da gwanaye na gaske da suka isa, ba ya bukatar na aro.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya cikinsu duka ba sarki ba ne. Sunansa sak irin na halifa, Abubakar Siddiƙ, an haife shi a Tambutu wajen 1790, ya tashi a Janne. Mahaifinsa, Kara Musa, falken zinariya ne. A rubutun da Abubakar ya bari, ya ce sunan mahaifiyarsa Hafsa, amma da Hausa ana kiranta Nagode, kakansa na wajen uwa kuma wani Alhaji Muhammadu Tafsir ne mai alaƙa da Katsina da Borno. Ashe ɗan 'yar'uwarmu ne. Yana karatun allo da na ilimi a garin Buna, a arewacin Kwaddibuwa ta yau, yaƙi ya ci garin. Yana da shekara kamar goma sha biyar aka kama shi, aka ɗora masa kaya a ka, aka bi da shi ta Kumasi har bakin teku, aka sayar da shi ga jirgin Turawan Ingila. Jirgin ya sauke shi a tsibirin Jamaika, shekaru kaɗan kafin Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807. Aka cire masa sunansa aka sa masa Edward Donlan.

Kusan shekara talatin ya yi a bauta, amma karatun da ya yi a Buna bai zube ba. Ubangidansa na ƙarshe, wani mai suna Anderson, ya ɗora shi a kan lissafin kaya, shi kuwa sai ya riƙa rubuta lissafin da Turancin bayin tsibirin amma da baƙaƙen Larabci, kamar dai yadda malamanmu ke rubuta Hausa da ajami. A 1834, shekarar da dokar soke bauta ta fara aiki a ƙasashen da Ingila ke mulka, wani alƙali ɗan Ayalan mai suna Richard Madden ya ga wannan bawa ya sa hannu a takarda da kyakkyawan rubutun Larabci, yana jan alƙalami daga dama zuwa hagu. Ya kira shi, suka zanta, ya nemi ya rubuta masa tarihinsa. Abubakar ya rubuta da Larabci: asalinsa, garuruwan da mahaifinsa ya yi fatauci, malaman Buna, ranar da aka kama shi, da rukunan addinin iyayensa, salla da azumi da zakka da hajji, da abin da aka haramta musu ci da sha. Madden ya tashi neman kuɗin fansarsa, Anderson ya ƙi karɓar ko sisi, ya 'yanta shi. Daga nan ya tafi Ingila, ya shiga ayarin wani matafiyi, John Davidson, wanda ya nufi Tambutu ta hanyar Maroko. An kashe Davidson a cikin Sahara a ƙarshen 1836, daga baya kuma labari ya iso Turai cewa Abubakar ya kai Janne.

Ka duba yadda al'amari ke juyawa. An sa wa yaro sunan mutumin da ya ƙarar da dukiyarsa wajen 'yanta bayi, sai ga shi shi kansa a cikin mari. Kuma shekara ɗari cif bayan ya rubuta tarihinsa a Jamaika, a 1934, aka buga littafin takwaransa na Bauci, wanda shi ma labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, ya yi karatu a baƙuwar ƙasa, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Shaihu Umar ƙagaggen labari ne, amma Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi a lokacin da tsofaffin da suka ga kasuwar bayi da idonsu suna raye. Abin da na fi girmamawa a littafin shi ne bai ɗora laifin a kan baƙi kaɗai ba, ya nuna yadda harin bayi ke fitowa daga fadojin sarakunanmu. Wannan halin faɗin gaskiya a gida shi ne ya sake nunawa a 1950, lokacin da ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, a gaban masu cin moriyarsa.

Kada kuma a ɗauka suna ɗaya na nufin ra'ayi ɗaya. Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda aka haifa a 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, ya yi shekara hamsin a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Ya ga mulkin mallaka, ya ga 'yancin kai, ya ga juyin mulki da yaƙin basasa, an san shi da haƙuri da ƙarancin magana, yana riƙe da gadon gidan Shehu. A zamaninsa ne Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, babban alƙalin alƙalan Jihar Arewa daga 1962, ya riƙa tafsiri a masallacin Sultan Bello na Kaduna, gidan rediyo na watsawa, yana sukar abubuwa da dama da mutanen ɗariƙu ke riƙe da su. Muhawarar da ta biyo baya ta raba gidaje da masallatai, kuma ba ta mutu ba. Amma ko wanda ya saɓa masa ya san Gumi ya fassara ma'anonin Alƙur'ani da Hausa, an kuma ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, kafin rasuwarsa a Landan a 1992. Matasan yau kuwa, in ka ce musu Abubakar, wasunsu ɗan ƙwallon Kamaru za su fara tunawa, Vincent Aboubakar, wanda ya taso a ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin Afirka a kan Masar a 2017. Shi ma yana da gurbinsa a jerin.

Imam da Tafawa Ɓalewa suna cikin manhajar makarantunmu, Razi na da ɗakunan karatu da ke adana littattafansa, Sarkin Musulmi da Gumi na da magada da almajirai. Ɗan Nagode ne ba shi da kowa a nan. Tarihinsa bai wuce 'yan shafuka ba, an daɗe da fassara shi da Turanci, masana tarihin Afirka ta Yamma suna amfani da shi wajen gano hanyoyin fatake tsakanin Janne da Buna da Katsina. Ina kira ga sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu, na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai, su juya waɗannan shafuka zuwa Hausa, a buga su tare da bayani, a sa su kusa da Shaihu Umar a hannun ɗaliban sakandare.