Ba Sarauta, Ba Sanda: Labarin Malama Cho Da 'Yan Matan Masaƙa

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta masu bin wannan fili, kun san a barikin soja akan ajiye liman da fasto domin su kula da sojoji da iyalinsu. To, a waɗansu ƙasashe har cikin ma'aikatu akan yi haka. A Amurka wani babban kamfanin nama da kaji, Tyson Foods, ya fara ɗaukar malaman addini a shekarar 2000, suna zagayawa cikin ma'aikata, su duba mai ciwo, su yi ta'aziyya, su saurari wanda abin duniya ya dama. Irin wannan malami ba ya ɗaukar kowa aiki, ba ya sallamar kowa, ba ya ƙara wa kowa ko anini a albashi. Watakila ki ce, to, me zai iya sakewa a wurin? Saurari labarin wata mace 'yar Koriya ta Kudu.

Sunanta Cho Wha Soon, an haife ta a 1934. Fasto ce ta ɗarikar Methodist, tana riƙe da wata 'yar coci a ƙauye. A 1966 wani ɗan mishan Ba'amurke, George Ogle, ya kira ta zuwa Incon, birnin tashar jiragen ruwa da ke yamma da Seoul, inda ya ke aiki tsakanin ma'aikatan masana'antu. Ki lura, ita coci ce ta aike ta, ba kamfani ya ɗauko ta ba. Ƙa'idar mishan ɗin kuwa ita ce, kafin malami ya buɗe baki ya yi wa ma'aikaci wa'azi, tilas ya yi irin aikin da ya ke yi. Saboda haka Malama Cho ta shiga masaƙar Dongil ta yi wata 6 tana lebura.

Kicin aka fara tura ta. Macen da ta saba mutane su rusuna mata, ga ta tana wanke-wanke, yarinyar da ba ta kai ƙanwarta ba tana daka mata tsawa. Daga baya ta shiga wurin injuna. Aiki kashi uku ne, safe da yamma da dare. Ga zafi, ga ƙurar auduga, ga ƙarar da ba ki jin maganar ta kusa da ke. 'Yan matan yawancinsu daga ƙauye su ke, karatunsu bai yi nisa ba, da yawa suna aika ɗan abin da suka samu gida domin a biya wa ɗan'uwa namiji kuɗin makaranta. Ma'aikatan wajen 1,300 ne, fiye da 1,000 mata. Amma ƙungiyar ƙwadagon da aka ce tasu ce, maza ke riƙe da ita, mazan kuwa bakinsu ɗaya da masu kamfani.

Nan ne abin da na ke so ki duba da kyau. Da wata shidan ya cika, Malama Cho ba ta hau mumbari ta ce a yi bore ba. Da ta yi haka, da ranar nan za a rufe mata ƙofa, 'yan matan ma su gudu, gama mai jin tsoron rasa abincinsa ba ya bin baƙo da ihu. Sai ta riƙa tara su ƙungiya ƙungiya, kowace ba ta cika mutum goma ba, kamar dai 'yan adashi. Ana koyon girki, da saƙa, da shirya furanni, ana taɗin aure da zaman duniya. In hannu na aiki baki ba ya rufuwa, ke ma kin san haka daga wurin daka da wurin kitso. Wannan ta ce an zage ta, waccan ta ce an yanke mata kuɗi ba dalili. Kowace da ma tana zaton ita kaɗai ce mai rashin sa'a, sai ga shi ciwon ɗaya ne. Sa'an nan ne aka ɗauko dokar ƙwadago ta ƙasar aka fara karantawa, sashi sashi, suka ga abubuwan da su ke roƙo da kuka tun tuni doka ta ba su. Ƙungiyar matasan ma'aikata ta 'yan Katolika ita ma tana irin wannan aiki a gefe.

Ba kwana biyu aka yi ba. Shekara 6 aka ɗauka, mai haƙuri shi kan dafa dutse. A watan Mayu 1972 aka yi zaɓen ƙungiya, mata suka fi yawa cikin wakilai, suka zaɓi Ju Gil Ja. Ita ce mace ta fari da ta shugabanci reshen ƙungiyar ƙwadago a ƙasar. Malama Cho ba ta da ƙuri'a ko ɗaya a zaɓen nan, ba ta kuwa nemi kujera ba. A ganina wannan shi ne ƙarfinta. Tun da ba ta iya ba kowa umurni, dole duk abin da za a yi ya fito daga bakin masu shan wahalar, abin da mutum ya ƙulla da hannunsa kuwa ba ya saurin sakinsa.

Amma fa kada ki ɗauka daga nan sai daɗi. Lokacin mulkin Park Chung Hee ne, mulki mai tsanani, ƙasar kuma ta dogara ga sayar da kaya masu araha a waje, watau ga arahar guminsu 'yan matan nan. An kori George Ogle daga ƙasar a 1974. Aka yi ta yaɗa cewa 'yan mishan ɗin 'yan gurguzu ne. Gajeren sunan mishan ɗin a harshensu, Dosan, ya yi daidai da kalmar karyewar jari, sai aka mai da shi habaici, wai duk kamfanin da suka shiga sai ya karye.

A watan Yuli 1976 kamfani ya nemi ƙwace ƙungiyar, matan suka yi zaman dirshan. Da 'yan sanda suka zo, sai suka tuɓe rigunansu na aiki, suna zaton kunya za ta hana maza taɓa su. Ba ta hana ba. Aka doke su, aka kama wajen 70. Ran 21 ga Fabrairu 1978 kuma, da asuba, matan sun zo jefa ƙuri'a, waɗansu maza suka tare su da bokitai cike da bayan gida, suka watsa musu a jiki da fuska, 'yan sanda na tsaye suna kallo. Allah ya sawwaƙe. A watan Afrilu aka sallami 124, aka rarraba sunayensu ga sauran ma'aikatu domin kada kowa ya ɗauke su.

Ke da ke shirin fita makaranta ki kama aikin asibiti, ko koyarwa, ko ofis, ki riƙe wannan gefen ma. Wanda ya ja mutane ba tare da muƙami ba, ba shi da rumfar da zai sa su a ciki ran da ruwa ya sauko. Malama Cho ba ta tsira ba, gama an ɗaure ta a 1978 saboda jawabin da ta yi a kan abin da aka yi wa matan. Duk da haka ita tana da coci a bayanta, da mutanen ƙasashen waje masu tambayar lafiyarta. Yarinyar da sunanta ke cikin takardar nan kuwa, duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa sai a gane ta a kore ta, ga iyaye a ƙauye suna jiran aike.

An kashe Park Chung Hee a watan Oktoba 1979, ƙasar ba ta sami zaɓen shugaba na kai tsaye ba sai 1987. A 2001 wani kwamitin gwamnati ya amsa cewa matan Dongil suna cikin waɗanda suka yi fafutukar kawo mulkin jama'a, ta kuma fito fili cewa da hannun hukumar leƙen asiri a abin da aka yi musu. A lokacin 'yan matan sun zama iyaye, sun manyanta. Suka koma ƙofar masaƙar suna neman a mai da su bakin aikinsu, kamfanin bai karɓe su ba.