Taurin Kulocin Tsohuwar Mota: Ina Gaskiya, Ina Zancen Gareji?

Mai tsohuwar Peugeot 504 da ke fitowa daga Miri da safe, ya biyo hanyar Jos ya shigo gari, ya yi ta tsaya-tashi a cunkoson Wunti, cinyarsa ta hagu ce ke fara kai masa ƙarar kuloci. Da ya faɗi matsalar kuwa, sai kowa ya zama bakanike. Maganganun da zai ji a gareji da teburin mai shayi wasu gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuma su ne ke ƙarasa motar.

Wadda aka fi ji ita ce: «Alhaji, ai haka aka yi su.» Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. Ƙanwar 504 mai ƙofa biyu, wato Coupé da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ta fito a 1969, kuma irinta mai silinda shida ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Motocin wancan zamani, musamman na gudu masu babban inji, sun fi ƙananan motocin yau nauyin feda. To amma nauyin asali ba ya ƙaruwa. Idan bara kana takawa salin-alin, bana sai ka dafe sitiyari, wannan ciwo ne ya shiga.

Mafi hatsari ita ce ta dillalai: wai kuloci mai tauri shi ne mai ƙarfi, alamar sabo ne. Akasin haka ne ya fi yawa. A cikin kuloci akwai faifai mai fata da ke maƙale tsakanin babban ƙarfen inji da murfin da ke danne shi. Murfin nan yana da sifirin mai kama da faranti, an tsaga tsakiyarsa yatsu-yatsu, kuma waɗannan yatsun ne boris ke turawa duk sanda ka taka. Yayin da fatar faifan ke cinyewa, sai zaman sifirin ya canja, yatsun su ɗago, ƙarfin da ake bukata kafin a danne su ya ƙaru. Shi ya sa kuloci kan yi nauyi a ƙarshen rayuwarsa, kuma shi ya sa direba kan yi mamakin laushin feda ranar da aka sa sabo. Da yake abin sannu a hankali yake zuwa, mai motar ne ke zama na ƙarshen ganewa; sai baƙo ya karɓi tuƙi ya ce, «Malam, da wannan kake fama?» Wuri guda da zancen dillali ke da madafa shi ne idan an sa murfin da aka yi don motar tsere ko ta ɗaukar kaya. Wannan kam yana da tauri tun ranar farko.

Sai masu cewa iska ce ta shiga, a fitar da ita. Kulocin 504 da na 505 da man birki yake aiki, akwai masta na sama kusa da feda, da na ƙasa a jikin giya, da bututu tsakaninsu. Iska na shiga, amma laushi take kawowa: feda ta yi lagwaf, ta tafi ƙasa, giya ta ƙi shiga. Ƙarancin mai ma haka yake yi. Wanda ya ce zai cire maka tauri da fitar da iska, kuɗin man birki kawai zai ci maka.

Canjin man giya ma ba ruwansa da feda, domin kulocin waɗannan motoci busasshe ne, ɗakinsa daban, man giya ba ya isa gare shi. Daga nan ne wasu ke zarcewa su tsiyaya baƙin mai ko gas ta kafar da cokalin kuloci mai tura boris ke shiga, wai don ya yi laushi. Yana iya yi na ɗan lokaci, amma idan man ya taɓa fatar faifai, motar za ta riƙa karkarwa wajen tashi, ko inji ya yi ta kuka ba gudu. Haka nan zuba baƙin mai ko ruwan sabulu a tukunyar masta. Man birki na DOT 3 ko DOT 4 aka yi robobin ciki don shi. Baƙin mai kumbura su yake yi har fistin ya cije, ruwa kuwa tsatsa yake haifarwa. Kenan maganin ne ke jawo taurin da ake gudu.

Masu ɗora laifi kan ƙura da bushewa su suka fi kusa da gaskiya. Boris ɗin kuloci a kan wani ɗan bututu yake zamewa gaba da baya, cokalin kuma yana da inda yake juyawa. Idan giris ɗin wuraren nan ya bushe, ƙurar hunturu da garin fatar faifai suka cakuɗe, sai tafiyar ta cije. Ƙusar da feda ke lilo a kai ma tana bushewa, wani lokaci da ɗan ƙara ƙiii. Motocin da kulocinsu da waya yake aiki, irin Volkswagen Beetle da Golf 2, nasu ya fi sauƙi: wayar ce ke tsatsa ko ta fara tsinkewa a cikin rigarta. Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba, wato masta da aka ciro daga wata motar daban. Idan na sama ya fi na asali faɗin ciki, feda za ta yi nauyi ko da komai lafiya lau.

Rarrabe waɗannan ba ya bukatar sauke giya. A motar mai, bakanike ya sassauta ɗan noti na fitar da iska a mastan ƙasa, wani ya taka. Idan feda ta tafi ba gardama, feda da mastan sama da tiyo sun kuɓuta, laifin yana mastan ƙasa ko can ciki. Idan ta ci gaba da tauri, a duba ƙusar feda, da mastan sama, da tiyon roba, wanda kan kumbura ta ciki ya matse hanya alhali daga waje ba a ganin komai. Bayan gwajin sai a rufe a cika mai a fitar da iska. A motar waya kuma, a zare wayar daga jikin giya a danna feda da hannu.

Mai karatu, kada ka yarda a sauke maka giya kafin a yi wannan gwaji. Idan kuwa ya nuna ciki ne, balle a ce motar ta fara zamewa a hawan Tilden Fulani, to a canja faifai da murfi da boris a lokaci guda, a goge bututun a shafa masa giris kaɗan. Kuɗin aikin saukewa ɗaya ne, ko abu ɗaya ka canja ko uku.