Mota mai turbo: garantinta na gaskiya yana hannun mai ita

A da, idan ɗan kasuwa ya tara kuɗin mota ba ya dogon tunani. Ya ɗauki Peugeot 504 ko tsohuwar Corolla, injin da bakaniken kowane ƙauye zai kwance ya ɗaura a gindin bishiya. Yau wanda ya zaga filayen motoci na Kwatano da Lome, ko garejin dillalai a Tema da Duwala, zai ga bayan motoci da rubutu iri-iri: TSI, TDI, HDi, dCi, EcoBoost. Duk waɗannan injuna ne masu turbo. Dokokin rage hayaƙi a Turai da sauran ƙasashe sun sa kamfanoni suna ƙera ƙananan injuna, su ƙara musu ƙarfi da turbo. Hatta Land Cruiser, da sabon samfurinta na 300 ya fito a 2021, an ajiye tsohon injin V8 an koma V6 mai turbo biyu.

Ke nan ko muna so ko ba ma so, irin motocin da za su riƙa sauka a tashoshin ruwanmu ke nan. Ga wanda motarsa ita ce shagonsa, ita ke kai kaya kasuwa, ita ke kai iyali gida da salla, sanin halin wannan na'ura batu ne na tsare jari.

Mene ne turbo?

Ku tuna zugazugin maƙeri. Gawayin bai canja ba, amma da an hura masa iska sai wuta ta yi ƙarfi. Aikin turbo ke nan. Fanka biyu ne a kan siririn sandan ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana danna iska cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙone sosai, ƙaramin inji ya ja kamar babba.

Inda gizo ke saƙa shi ne gudun da zafin. A kan hanya inji na juyawa sau dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya, amma sandan turbo yakan haura sau 150,000. A motar fetur zafin hayaƙin da ke dukansa na iya kai digiri 900. Abin da ke hana wannan sanda gogar ƙarfe, kuma yake rage masa zafi, shi ne baƙin man inji. Da man ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi, ko ya zo da datti, ɓarna ta fara.

Baƙin mai: nan ake yawan faɗuwa

Tsohon inji yana haƙuri da kowane mai. Turbo ba ya yi. Littafin kowace mota ya faɗi lambar man da take sha, misali 5W-30 ko 0W-20. Wasu kanikawa sukan ce, “Alhaji, ƙasarmu da zafi, a zuba mata mai kauri.” Wannan shawara ta zamanin 504 ce. Bututun da ke kai mai ga turbo siriri ne, mai kauri kan yi jinkirin isa, musamman da sassafe lokacin hunturu.

Sai jabun mai, wanda ake ɗurawa a tsoffin galan a manna musu sabon hatimi. Araha ba ta ado. A sayi mai a gidan mai sananne ko wurin dila mai rasit, kuma a tsaya a ga an buɗe galan ɗin a gaban ido.

Batun juye kuwa, littattafan motoci da yawa suna da jadawali biyu: na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala, wato ƙura, zafi, lodi mai nauyi da cunkoso. Mu a na biyu muke. Nisan da aka rubuta don titunan Jamus ba namu ba ne. Yin juye wajen kowane kilomita 5,000 tare da sabuwar filtar mai ya fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba a kan sayen turbo.

Ƙura da gaggawa

Fankar da ke gudu irin wannan, ƙwayar yashi a wurinta kamar tsakuwa ce. A lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska a kai a kai. Idan ta cika a canja ta, a daina hura ta da iskar faci mai ƙarfi har ta yage. A kuma duba robobin da ke tsakanin filta da turbo, domin ƙaramar tsaga ta isa ta shigar da ƙura kai tsaye.

Gaggawa kuma iri biyu ce. Ta farko da safe: a tayar da mota, nan take a taka totur. A ba ta kamar rabin minti mai ya zagaya, sannan a tafi a hankali har inji ya ɗumama. Ta biyu ita ce kashe mota da zafinta. Ɗauki direban da ya taso daga Garwa da lodi, ya hau dutsen nan na kafin Ngaundere, yana isa tasha ya murɗe makulli ya fita. Inji ya tsaya, famfon mai ya tsaya, amma turbo na nan jawur. Man da ya rage a ciki sai ya soyu ya zama gawayi, a hankali ya toshe hanya. Bayan doguwar tafiya ko hawan tudu, a bar inji yana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu. Kafin ka ɗauko buta da darduma daga but, lokacin ya cika.

Man da ake sha a hanya

Kowa ya san man kwalba na bakin titi, wanda ake kira kpayo a Benin, zuwa-zuwa a arewacin Kamaru. Yakan fitar da matafiyi kunya, amma ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikinsa: ruwa, kananzir ko ƙasa. Injin turbo na fetur yana matse iska da ƙarfi, don haka fetur maras kyau kan sa ya riƙa ƙwanƙwasa, fistin ya illata. Motocin Turai da yawa an yi su ne don fetur mai lamba 95, alhali wanda aka fi samu a yankinmu 91 ne. A buɗe murfin tanki a karanta abin da aka rubuta. A lura kuma lissafin Amurka daban ne: 87 ɗinsu shi ne kusan 91 namu.

Masu gas, wato dizal, nasu ya fi tsanani. Tun 2009 sinadarin salfa a man Turai bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma motocinsu na dizal na bayan wannan lokaci suna da matatar toka a cikin salansa. Gas mai datti da gajerun tafiye-tafiye na cikin gari suna toshe ta, hayaƙi ya rasa mafita, turbo ya sha wahala.

“A buɗe mata wuta”

Samari sun iya wannan magana. Ana haɗa kwamfuta da mota a sauya lissafin inji don turbo ya ƙara danna iska. Ƙarfi kam yana ƙaruwa, amma zafi da matsi ma suna ƙaruwa a kan fistin, kulochi da giyar da ba a ƙera su don haka ba. Motar da ta riga ta ci kilomita dubu ɗari biyu kafin ta hau jirgi, kuma za ta ɗauki buhunan albasa, ba ta bukatar ƙarin wuta. Idan kuma sabuwa ce daga kamfani, wannan taɓawar ta isa a ƙi karɓar kukanka ranar da inji ya buga.

Ina garanti yake?

“Ai tana da garanti,” in ji dillali. Tambaye shi: na wa, kuma a ina? A Amurka, Toyota na ba injin sabuwar mota garantin shekara 5 ko mil 60,000. Amma irin wannan alkawari yawanci a yankin da aka sayar da motar yake aiki, kuma motar da inshora ta yanke wa hukuncin lalacewa aka yi gwanjonta, kamar da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana, garantinta kan faɗi tun a can.

Misalai biyu sun isa. Injin 1.2 PureTech na Peugeot da Citroën yana da bel ɗin taimin da ke gudu a cikin mai. Idan ya fara rugurgujewa, ɓarɓashinsa kan toshe rariyar famfon mai. A 2024 kamfanin Stellantis ya tsawaita garantinsa a Turai zuwa shekara 10, amma da sharaɗin a nuna an yi sabis yadda aka tsara. A shekarar dai, Toyota ta kira motocin Tundra da Lexus LX kusan 102,000 a Amurka saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, ta ce za ta canja injunan kyauta. Duka biyun, wanda ke kusa da kamfani kuma yake riƙe da takardu shi ya amfana.

Wanda ya sayi sabuwa daga wakilin kamfani, kamar CFAO a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya tambaya a rubuce ko garantin na bin motar idan ta tsallaka iyaka, kuma ya adana kowane rasit na sabis.

Kafin a biya kuɗi

Kada a yi wa rogo kallon kitse. Je da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma ku iske motar da sanyinta. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce tana ƙona baƙin mai. Kuka mai kama da jiniya idan an taka totur, ko mota ta ƙi jan tudu, duk ƙararrawa ce. A buɗe murfin mai a ga ko akwai dasƙararren baƙin laka. A cire robar gaban turbo a taɓa fankar: idan tana gogar bango ko bakinta ya ciccije, a haƙura. A sa na'urar bincike ta karanta kwamfutar motar, a kuma bi lambar shasi mai harafi da lamba 17 a intanet don ganin tarihinta.

In kuwa turbo ya riga ya mutu, kada a ɗaura sabo sai an gano abin da ya kashe na farko. A wanke ko a canja bututun mai, a zubar da man da ya taru a na'urar sanyaya iska, a yi juye. In ba haka ba, sabon ma hanyar wancan zai bi.

A ƙarshe, mota ta gida ce. Maigida na iya kiyaye duk wannan, amma yaron shago ko babban ɗa da ake aike da ita bai sani ba. A zaunar da duk mai taɓa makullin a faɗa masa, uwargida ma ta sani. A ajiye ƙaramin littafi a cikin motar: ranar juye, kilomita, irin mai, sunan gareji. Ranar da za a sayar da ita, wannan littafin zai yi ciniki fiye da rantsuwar dillali.