Kauɗar tumatir

Kauɗar tumatir ita ce tumatirin da aka yayyanka aka shanya har ya bushe. Busasshen goro ma kauɗa ake ce masa. Manoman rani na Kura da Bunkure a jihar Kano, masu ban ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, suna yin ta ne don gudun karyewar jari. Daga Janairu zuwa Maris tumatir kan cika kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya faɗi, wani lokaci kuɗin kwando ba ya biyan masu tsinka da kuɗin mota. Mai hali sai ya shanya nasa, ya adana a buhu, ya sayar da damina lokacin da ɗanye ke tsada. Wanda ake bi bashin taki kuwa dole ya sayar nan take.