Dajin da ke Ƙarƙashin Teku



Akasarinmu jikokin mutanen tudu ne. Iyayenmu sun zo Abidjan daga Kano da Katsina da Maradi da Tawa, sun san sunan kowace bishiya a daji, amma teku a wurinsu ruwa ne kawai mai gishiri. Mu ma da aka haifa a Adjamé da Treichville haka muka gada. Muna cin kifi safe da yamma, har garba, abincin da ya fi kowanne farin jini a garin nan, da sunan Bahaushe ake kiransa, amma ba kasafai muke tambayar inda kifin ya girma ba. Kifin garba ɗan tsakiyar teku ne, mai yawo. Wanda muke nufi a yau shi ne irin su meru da langusti, masu tsadar nan, waɗanda gidansu ke cikin duwatsun ƙarƙashin ruwa.

A ƙasashe masu ruwan sanyi, kan irin waɗannan duwatsu wata doguwar ciyawa ke fitowa, ana ce mata kelf. Ba ta da saiwa. Wani abu ne kamar yatsu take damƙe dutse da shi, abincinta kuwa ta ganye take sha daga ruwan. A gabar Kalifoniya ta Amurka akwai irin da ke wuce mita 30, kuma yakan ƙaru da kusan rabin mita a yini guda. Idan ta yi yawa sai ta zama kurmi sosai: tana karya ƙarfin igiyar ruwa, ƙananan kifaye suna ɓuya a cikinta, ƙaguwa da dodon koɗi suna kiwo a gindinta. A nahiyarmu ana ganin kurminta a wurare irin su Namibiya da Afirka ta Kudu, amma ba a gabarmu ba, domin ba ta jure ruwan da ya wuce digiri 20 da ɗan wani abu, ruwanmu kuwa ya fi haka ɗumi a yawancin shekara. Kuma kurmin yana mutuwa. Daga 2014, ruwa ya yi zafi a arewacin Kalifoniya, wata halitta mai ƙaya kamar bushiya ta yi yawa ta cinye ciyawar, fiye da kashi 90 cikin 100 ya tafi, aka bar dutse tsirara.

To mu me muke da shi? Daga Fresco zuwa iyakar Gana, har da nan Abidjan, yashi ne. A bakin mashigar Vridi, wadda aka buɗe a 1950 ta haɗa lagun Ebrié da teku, akwai wani wawakeken kwazazzabo a ƙarƙashin ruwa da Faransawa suka raɗa wa suna rami marar iyaka. Duwatsunmu suna yamma, wajen Sassandra da San-Pédro da Grand-Béréby har Tabou. Ciyawar da ke kansu gajera ce, ba ta kai ta kira kanta kurmi ba, amma aikinsu ɗaya. Meru yana samun kogon da zai laɓe, langusti yana samun tsaga, kunkurun teku yana kiwo a wurin, sa'annan macen ta fito bakin yashi da dare ta binne ƙwai. Saboda haka ne a watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da sanarwar keɓe ruwan Grand-Béréby, kimanin murabba'in kilomita 2,600, wuri na farko a tekun ƙasar nan da aka yi wa irin wannan kariya. A 2023 kuma aka soma hutar da kamun kifin teku, masu kwalekwale suka ajiye komarsu a watan Yuli. An yi gunaguni a kasuwa, mu ma mun yi, amma manomi ya san amfanin barin gona ta huta.

Kada a rikita wannan da jar ciyawar nan da ke tulewa a bakin teku wajen Grand-Bassam da Assinie tun 2011. Wannan sargas ce, ba ta kama dutse, yawo take a saman ruwa. Tana cika koma, tana ruɓewa da wari.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mai tebur a Adjamé da dutsen Grand-Béréby? Akwai hanya tsakaninsu, kuma ta ƙofar gidajenmu ta bi. Ledar da aka jefa a kwata, ruwan sama na watan Yuni yana kwasarta ya gangara da ita Indénié, ta faɗa lagun ta wajen Cocody, daga nan ta bi Vridi ta fita teku. Kunkuru yana ganin farar leda ya ɗauka abinci ce, ya haɗiye, ta toshe masa ciki. Hanya ta biyu ita ce kasuwa. Duk uwargidan da ta sayi ƙaramin meru don ya fi araha, ta sayi kifin da bai taɓa yin ƙwai ba, kuma meru kifi ne mai jinkirin girma, yana ɗaukar shekaru kafin ya hayayyafa. Haka langusti mai ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin jela. Ana ganin ƙwan da ido, ja-ja, idan aka juya ta. Ba mu ce a ƙaurace wa kifi ba, talaka yana sayen abin da aljihunsa ya iya. Amma wanda Allah ya hore wa zaɓi, ya zaɓi babba, ya kuma faɗa wa mai sayarwa dalili.

Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, wadda ake kira CRO, a nan Treichville, kan titin da ake ce wa titin masunta. Da yawanmu mun sha wuce ƙofarta ba mu san aikin da ake yi a ciki ba. Malaman makarantunmu su nemi izini su kai yara.